Auduga Mai Kaki Da Yadin Roba: Lissafin Da Ke Gaban Masu Cinikin Rigunan Ruwa

Da zarar hadari ya fara haɗowa a jihohin kudu cikin watan Maris, ko kuwa a arewa mai nisa cikin watan Yuni, akan ga cinikin rigunan ruwa ya farfaɗo a manyan kasuwannin ƙasar nan, tun daga Balogun ta Legas, da Ariaria ta Aba, da babbar kasuwar Anacha, har zuwa Sabon Gari ta Kano. Masu gadi, da 'yan dako, da masu kai saƙo a kan babur, da leburorin gine-gine, da 'yan makaranta, kowa yakan nemi abin da zai raba shi da jiƙewa. Kusan dukkan rigunan da ake sayar musu na roba ne, kuma mafi yawa daga ƙasashen Asiya ake shigo da su.

Sai dai a ƙasashen da ake tsara irin waɗannan tufafi, wata tsohuwar gasa ta sake tasowa. Tun daga shekarar 2025 wasu jihohin Amurka da wasu ƙasashen Turai suka soma hana sayar da tufafin da aka sa wa wani rukunin sinadarai, wanda masana'antun rigunan ruwa na zamani suka dogara da shi shekara da shekaru. Wannan ya sa an waiwayi yadin audugar nan da ake shafe shi da kaki, irin na zuma ko na kyandir, wanda matuƙan jiragen ruwa da manoman Ingila suka saba da shi tun kafin a san nailan. Ga ɗan kasuwar da ke zuba jarinsa a wannan fanni, tambayoyin da ke gabansa su ne: wanne ya fi tare ruwa, wanne ya fi ƙarko, wanne ya dace da yanayin ƙasar nan, kuma wanne ne zai iya yi masa kwantai.

Ba Atamfa Ake Nufi Ba

Ya kamata a fara da kawar da wani ruɗani. A Kantin Kwari da Balogun an saba danganta kaki da atamfa, musamman irin ta Holan wadda kamfanin Vlisco na garin Helmond ya yi suna a kanta. Amma kakin atamfa aikinsa na ɗan lokaci ne. Ana ɗora shi a kan yadi domin ya hana rini kama wasu wurare, bayan an fitar da zane sai a cire shi. Saboda haka atamfa komai tsadarta ba ta tare ruwa.

Yadin da ake magana a kansa a nan auduga ce da aka saƙa ta da ƙarfi, zare ya matsi zare, sannan aka ratsa ta da narkakken kaki har ya shige cikin zaren ya zauna. Kakin ne ke toshe 'yan kafofin saƙar, shi ya sa ruwan sama ke gangarewa a kanta kamar yadda yake yi a bayan agwagwa.

Daga Jirgin Ruwa Zuwa Kantin Masu Hali

Asalin wannan yadi daga teku yake. Matuƙan jirage a Biritaniya sun lura cewa manyan ƙyallayen da ake ɗaura wa jirgi domin iska ta tura shi sun fi kama iska idan sun jiƙe, amma kuma sukan yi nauyi. Sai suka shiga shafa musu mai domin a sami amfanin ba tare da nauyin ba, abin da ya rage na ƙyallen kuwa su ɗinka mayafin kare ruwa da shi. Ana ambatar kamfanin Francis Webster na garin Arbroath a Sikotilan, wanda ya fara aiki a 1795, cikin waɗanda suka mayar da wannan dabara sana'a, ta hanyar amfani da man da ake tatsa daga 'ya'yan tsiron lilin.

Man lilin yana da aibi biyu: yakan sa yadi ya koma rawaya, kuma yakan sandare a lokacin sanyi har ya tsattsage. An shawo kan wannan matsala tsakanin shekarun 1920 da na 1930, lokacin da aka koma ga kakin da ake samu daga ɗanyen man fetur, wato irin wanda ake yin kyandir da shi. Kamfanoni biyu da suka shahara wajen sarrafa yadin, Halley Stevensons na Dundee da aka kafa a 1864, da British Millerain da aka kafa a 1880, har yanzu suna kan aikin.

Ta fuskar ɗinki kuwa, sunan da ya fi fita shi ne Barbour. John Barbour ya buɗe kantinsa a garin South Shields a 1894, yana sayar wa matuƙa da masunta da ma'aikatan tashar jirgi tufafin mai. A 1936 kamfanin ya fitar da kayan sawa na masu tseren babur, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗinka wa ma'aikatan jiragen ƙarƙashin ruwa na Biritaniya. Belstaff, wanda aka kafa a 1924, shi ma ya yi suna a wajen mahaya babur. A Ostireliya akwai Driza-Bone ta makiyaya, a Amurka kuma akwai Filson ta garin Seattle. Sannu a hankali rigar talakan bakin teku ta zama ta masu gonaki da sarauta, har Barbour ya sami takardar amincewar fadar Ingila a 1974 da 1982 da 1987. A yau kwat guda na kamfanin yakan haura fam 200 na Ingila.

Yadda Roba Ta Karɓe Kasuwa

Tarihin ɗaya ɓangaren ya faro ne a 1823, sa'ad da Charles Macintosh na birnin Gilasgo ya yi rajistar dabarar narka danƙon roba a manna shi tsakanin yadi biyu. Rigarsa ta tare ruwa, amma tana wari, tana danƙo a lokacin zafi, tana ƙagewa a lokacin sanyi. Babban sauyi ya zo ne da zaren da ake ƙerawa daga sinadaran man fetur. An ƙirƙiro nailan a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, aka sami poliyesta a Ingila a 1941, sannan bayan yaƙi ledar PVC ta bazu har masunta a arewacin Turai suka rabu da tufafin mai.

A 1969 Bob Gore, ɗan masu kamfanin W. L. Gore da ke jihar Delaware, ya fizgi wani zazzafan sandan robar PTFE da ƙarfi, sai ya ga ya miƙe ninkin ba ninkin bai tsinke ba, ya zama wani tantani mai cike da ƙananan kafofi. A cewar kamfanin, kowane inci murabba'i na tantanin yana da kafofi kimanin biliyan 9, kowace ta gaza ɗigon ruwa sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Ma'ana, ruwan sama ba zai shiga ba, tururin gumi kuwa zai iya fita. Daga 1976 aka fara sayar da kayan da aka yi da shi da sunan Gore-Tex, kuma tun daga nan ya zama ma'aunin da ake gwada saura da shi.

Bisa haka, abin da 'yan kasuwa ke kira rigar roba ya kasu gida uku. Na farko ledar PVC, mai kauri da sheƙi, wadda ake liƙe gaɓoɓinta da zafi. Na biyu nailan ko poliyesta da aka shafe cikinsa da robar poliyuretan, wanda shi ne ya fi yawa a cikin rigunan masu matsakaicin kuɗi. Na uku mai tantani, wanda ya fi tsada. Kowanne da halinsa, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro.

Tare Ruwa, Nauyi, Da Gumi

Masana'antu suna auna ƙarfin yadi wajen tare ruwa ta hanyar ɗora masa matsin ruwa, kamar a tsayar da dogon bututu a kansa a yi ta zuba ruwa, a ga tsawon da ruwan zai kai kafin ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Da milimita ake faɗin sakamakon. A al'adar kasuwar Biritaniya yadin da ya kai milimita 1,500 ana ɗaukarsa mai tare ruwa, rigunan hawan duwatsu kuwa sukan kai 10,000 zuwa 20,000, wasu ma fiye. A wannan gwaji auduga mai kaki ba ta kama ƙafar yadin roba. Tana jure yayyafi da ruwa matsakaici na sa'o'i, amma idan aka daɗe ana kwararawa, ko mutum ya zauna a kan jiƙaƙƙen sirdin babur, ko ya rataya jaka a kafaɗa, danshi yakan ratsa, musamman ta layin ɗinki. Rigar roba mai kyau kuwa ana bin layin ɗinkinta ta ciki da tef a liƙe, ta yadda hujin allura ba zai zama ƙofa ba.

Wajen nauyi ma roba ce a gaba. Kwat na auduga mai kaki yakan haura kilo guda, alhali rigar tantani ba ta cika kai rabin kilo ba, kuma ana iya naɗe ta a cusa cikin aljihun jaka. Ga mai shigo da kaya, wannan yana nufin yawan abin da kwantena guda za ta ɗauka.

Batun gumi ya fi rikitarwa, kuma a nan ne tallar kamfanonin waje kan yaudari mai saye a ƙasashe masu zafi. Tantani yana fitar da tururi ne idan iskar waje ta fi ta cikin riga sanyi da bushewa. A Sikotilan ko Norwe haka abin yake. A Fatakwal ko Kalaba kuwa, inda ruwan shekara ke haura milimita 2,000 kuma iska ke cike da laima mai ɗumi, bambancin ciki da waje kaɗan ne, don haka tururin ba ya samun abin da zai tura shi. Wanda ya sayi riga mai tsada saboda an ce tana numfashi zai iya tarar da kansa sharkaf da gumi, kusan daidai da mai rigar leda. A irin wannan yanayi abin da ke taimako shi ne yankan rigar: ta zama mai faɗi, mai kafofin shan iska a hammata da baya. Makiyayan da suka saƙa kabido da kaba sun gane haka tun tuni, domin yana kare ruwa daga sama, iska kuma tana shiga ta ƙasa.

Auduga mai kaki ita ma ba ta tsira ba. An yi ta ne domin ƙasar sanyi da iska da yayyafi. Kakin kyandir yana fara narkewa daga ma'aunin zafi kimanin 46, kuma tun kafin nan yakan yi laushi. Riga da aka bari a cikin mota a rana, ko a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, za ta yi maiƙo, ta ɓata kujera da tufafin da ke kusa da ita, ƙurar hunturu kuma ta manne mata. A Sakkwato da Maiduguri, inda ruwan shekara ba ya cika kai milimita 800 kuma zafi ke haura 40, babu dalilin da zai sa mutum ya ɗora wa kansa wannan nauyi. Wuraren da za ta iya yin amfani a ƙasar nan su ne tuddai masu sanyi irin su Jos, da Mambila, da Obudu.

Yadda Kowanne Ke Tsufa

Babban bambancin da ya shafi aljihu yana ga yadda kowanne ke tsufa. Auduga mai kaki tana raguwa ne da kaɗan-kaɗan. Kakin yakan goge a kafaɗa, da gwiwar hannu, da bakin aljihu, wurin ya yi fari-fari ya fara shan ruwa. Maganin abin shi ne a narka sabon kaki a cikin ruwan zafi, a shafa da soso, a bar shi ya shige. Masu yin rigar suna ba da shawarar a yi haka kamar sau ɗaya a shekara. Idan ta yage, tela zai yi mata faci a bi da kaki. Kamfanin Barbour ya soma karɓar tsofaffin rigunansa domin gyara da sabunta kaki tun 1921, kuma har yanzu wannan wani reshe ne na cinikinsa. Da irin wannan kulawa riga takan yi shekara ashirin ko fiye, har ɗa ya gaji ta uba. Ƙaya da waya ba sa keta ta da sauƙi, wanda ya sa manoma da mafarauta suka riƙe ta.

Sai dai tana da sharaɗi mai wuya: ba a wanke ta da sabulu, ko ruwan zafi, ko injin wanki, kuma ba a yi mata guga. Duk wanda ya yi haka ya cire kakin, ya kashe rigar. Goge ta kawai ake yi da soso da ruwan sanyi. A ƙasar da ake gumi kullum, kuma ake son tufa ta sha wanki da guga, wannan ba ƙaramin cikas ba ne, domin shafin ciki yakan riƙe wari.

Rigar roba kuwa tana aiki sosai tun ranar farko, ana iya wanke ta, amma idan ta fara mutuwa da wuya a tashe ta. Laima da zafi suna warware robar poliyuretan a hankali, sai a ga cikin rigar ya yi danƙo, yana wari, yana ɓarewa kamar saɓar maciji. Tef ɗin ɗinki yakan saki. Maiƙon jiki yakan raba tantani da yadin da aka manna shi, tun daga wuya da kafaɗa. Ledar PVC kuma rana takan busar da sinadarin da ke sa ta laushi, ta ƙage ta tsage a wurin lanƙwasa. Ana iya liƙe ƙaramin huji, ana iya sabunta feshin waje, amma babu telan da zai mayar da robar da ta ɓare.

Abin lura ga 'yan sari shi ne wannan lalacewa ba ta jiran sai an sa rigar. Kayan da suka kwana biyu a sito mai zafi da laima a Apapa ko Anacha suna tsufa a cikin ledarsu. Wanda ya sari kaya masu yawa a ƙarshen damina saboda araha, da niyyar ajiyewa har shekara biyu ko uku, yana iya buɗe kwali ya tarar da riguna sun manne da juna. Haka nan masu buɗe dilar gwanjo: riga mai babban suna da ta yi kyau a ido tana iya zama tef ɗinta ya saki, sai ranar da ruwa ya sauko mai saye ya dawo da ƙorafi. Juya rigar a duba cikinta kafin a yi ciniki ya fi duba tambarin da ke ƙirjinta. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Dokokin Da Suka Sauya Lissafi

Rigar tantani da ta poliyuretan ba sa aiki yadda ya kamata sai an fesa wa bayansu wani sinadari da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara. In babu shi, yadin waje zai jiƙe ya toshe hanyar tururi. Shekaru da dama ana yin wannan feshi da sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ke korar ruwa da maiƙo baki ɗaya. Shi kansa tantanin PTFE yana cikin wannan dangi. Illarsu ita ce ba sa ruɓewa. Suna shiga ruwan sha da ƙasa daga masana'antu da juji, su taru a jikin mutum da dabba. A 2023 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ɗaya daga cikinsu, PFOA, a jerin abubuwan da ke haddasa ciwon daji ga ɗan Adam.

Yarjejeniyar Stockholm kan sinadarai masu daɗewa, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, ta taƙaita PFOS a 2009, ta kuma sa PFOA cikin jerin waɗanda za a kawar a 2019. Daga nan gwamnatoci suka wuce gaba. Jihohin Kalifoniya da Niyok sun hana sayar da tufafin da aka sa wa PFAS daga 1 ga Janairun 2025, tare da ɗaga ƙafa ga rigunan ruwa na matsanancin yanayi har zuwa 2028. Majalisar Faransa ta zartar da doka a Fabrairun 2025 wadda ta tsai da farkon 2026 a matsayin lokacin hana su a tufafi da takalma, ita kuma Denmak ta tsai da watan Yulin 2026. Kamfanin 3M, ɗaya daga cikin manyan masu sarrafa su, ya sanar a Disamban 2022 cewa zai daina zuwa ƙarshen 2025.

Masana'antun ba su zauna ba. Gore ya sanar da sabon tantani na robar poliyetilin a 2021, ya fara shiga kasuwa a 2022, wasu kamfanoni kuma suka koma ga feshin da babu PFAS. Sabon feshin yana korar ruwa, amma ba ya korar maiƙo kamar tsohon, don haka rigar tana bukatar wanki da sabuntawa a kai a kai. Ke nan ita ma rigar zamani ta fara neman irin kulawar da ake zargin auduga mai kaki da ita, tazarar da ke tsakaninsu ta ɗan ragu.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗauka auduga mai kaki fara ce tas. Kakin da aka fi amfani da shi daga man fetur yake, ko da yake ana gwada na zuma da na tsirrai. Noman auduga yana cin ruwa da maganin ƙwari, kuma da yawa daga cikin rigunan ana yi musu shafi da poliyesta ko nailan. Fifikonta yana ga daɗewa da karɓar gyara, da kuma cewa ba ta bukatar PFAS kafin ta kori ruwa.

Abin Da Ya Shafi 'Yan Kasuwar Ƙasar Nan

Sanannen abu ne a harkar ciniki cewa kayan da doka ta rufe wa ƙofa a wata ƙasa sukan nemi inda ƙofa ke buɗe. Saboda haka mai shigo da kaya ya kamata ya yi hattara idan aka yi masa tayin manyan riguna a farashin da bai saba gani ba. Ya tambayi shekarar da aka yi su, da irin feshin da aka yi musu, ya nemi takardar gwaji, ya kuma buɗe samfur ya duba ciki. Haɗarin da ya fi kusa da shi shi ne tsufan kayan, domin abin da ya shekara uku a sito a Asiya ya riga ya ci rabin kwanansa. Shi kuwa mai ɗinka kaya a Aba ko Legas da burin sayarwa a Turai ko Amurka, wajibi ne ya san irin yadin da yake yankawa, tun da doka a can ba ta duba inda aka yi ɗinkin.

Ga kasuwar cikin gida, hujjoji sun nuna cewa roba za ta ci gaba da riƙe cinikin rigar ruwa. Mai babur da ke ratsa mamakon ruwa a Legas yana bukatar abin da ba ya yoyo, mai sauƙin kuɗi, mai saurin bushewa, kuma PVC ko poliyuretan mai kauri da aka liƙe ɗinkinsa shi ne ya cika waɗannan sharuɗɗa. Riga mai tantani ta fi dacewa da wanda ke tafiya ƙasashen sanyi ko aiki a kan tudu. Kamfanonin da ke saya wa ma'aikatansu kuma su tuna cewa nailan da poliyesta suna narkewa su manne da fata idan tartsatsi ya taɓa su, don haka masu walda da ma'aikatan mai suna bukatar yadin da aka yi musamman domin jure wuta.

Inda auduga mai kaki ke da dama a nan shi ne a kayan da ba a sawa a jiki: jakunkuna, da rigar kariya ta masu sana'a, da murfin kaya, da marufin injuna, da jakar kayan aiki. A irin waɗannan, nauyi da gumi ba matsala ba ne, ƙarko kuwa shi ake nema. Jakar auduga mai kaki da aka haɗa da fata tana da masu saye a Turai da Amurka, kuma jima da dukanci sana'o'i ne da Kano da Sakkwato suka gada.

Kayan haɗin ma ba baƙi ba ne. Ana noman auduga a Katsina, da Zamfara, da Kaduna, da Gombe, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana fitar da irinta. Akwai kakin zuma a wajen masu kiwon zuma. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen fitar da man injin da kwalta da kaki, ko da yake ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata. Giɓin yana wajen saƙa. Masaƙar Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957, da sauran manyan masaƙu na Kaduna da Kano, mafi yawansu sun durƙushe a shekarun 2000, kuma wannan yadi yana son saƙa mai matsi sosai da zare mai inganci. Sai an sami mai saƙa irin wannan kafin a yi maganar gasa da Dundee.

Masu son gwadawa a ƙananan shaguna su kiyayi gajeriyar hanya. Narka kyandir a cikin fetur ko kananzir domin ya yi saurin shiga yadi dabara ce mai kisa. A watan Yulin 1944, a birnin Hartford na Amurka, wata babbar rumfar wasanni da aka shafe ta da kakin kyandir narkakke a fetur ta kama wuta, mutane fiye da 160 suka halaka cikin 'yan mintoci. Haka kuma tsummokaran da suka sha man lilin suna iya kamawa da wuta da kansu idan aka tara su wuri guda. Hanya mai aminci ita ce a narka kakin a cikin gwangwanin da aka tsoma a ruwan zafi, nesa da harshen wuta.

A taƙaice, kowanne daga cikin yadukan biyu an yi shi ne domin wani yanayi da wani aiki. Roba ta fi tare ruwa, ta fi sauƙin nauyi da kuɗi, amma kwananta ƙidayayye ne tun daga ranar da ta bar masana'anta. Auduga mai kaki ta fi ƙarko da karɓar gyara, amma ba ta son zafi kuma ba ta son sabulu. Ɗan kasuwar da ya sari roba daidai abin da zai sayar a damina guda, ya duba cikin kowace riga kafin ya biya, ya kuma ajiye tunanin auduga mai kaki domin jaka da murfi da kasuwar waje, shi ne zai fita da jarinsa da ribarsa idan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba.